Ɗaukewar Wutar Lantarki a Birnin Kano da Yadda Kuɗinta Ke Isa Karkara

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna ci wa al'ummar jihar nan tuwo a ƙwarya, da wuya a sami wadda jama'a suka saba da ita har suka daina mamakinta kamar ɗaukewar wutar lantarki. Yaron da aka haifa a zamanin hukumar NEPA yau ya zama magidanci da nasa 'ya'yan, an sauya wa hukumar suna, an rarraba ta an sayar, amma har gobe idan wuta ta tafi a Fagge ko Gwale abin da yara ke cewa shi ne Nepa ta ɗauke. Mun san cewa da yawa daga cikin masu karatunmu mazauna karkara ne, kuma ba za mu yi mamaki ba idan wani ya ce wannan ai kukan 'yan birni ne, tunda akwai garuruwan da ko falwaya ɗaya ba a kafa musu ba, akwai kuma waɗanda aka ja musu waya amma sukan yi watanni ba su ga haske ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a ganinmu lissafin bai cika ba, domin kuwa ƙaramin mai sana'a na birni shi ne ke biyan kuɗin duhu mafi tsada, shi kuma yakan ɗora abin da ya biya a kan kayan da mutumin ƙauye ke saye da kuma aikin da yake kawowa a yi masa.

Yana da kyau a fara da bayanin inda wutar take fitowa, don a san wanda ke da alhakin me. An kafa NEPA a 1972. A 2005 aka yi dokar gyara fannin lantarki, wadda ta maye gurbinta da kamfanin PHCN, ta kuma kafa hukumar NERC mai sa ido da yanka farashi. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa mafi yawan tashoshin samar da wuta da kamfanonin rarraba ta, waɗanda adadinsu 11 ne, ga 'yan kasuwa, yayin da kamfanin TCN mai dakon wuta a kan manyan layuka ya ci gaba da zama a hannun Gwamnatin Tarayya. Kamfanin KEDCO shi ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Ba shi ke samar da ita ba. Abin da ya iso babbar tashar Kumbotso shi yake kasawa. Ke nan idan unguwa ta kwana a duhu, laifin na iya zama na tashar da ba ta sami iskar gas ba a Kudu, ko na babban layin da ya tsinke a daji, ko na kamfanin rarrabawa, ko kuwa na taransifomar bakin layi da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta.

Abin da ake kasawar ma bai taka kara ya karya ba. Idan aka haɗa ƙarfin tashoshin ƙasar nan duka a takarda, ya kai kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a a mafi yawan kwanaki tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200. A watan Maris na 2025 da aka kai kusan megawat 5,800 sai da aka yi shelarsa a matsayin abin da ba a taɓa kaiwa ba. Madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, da kuma Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023, suna ba da nasu kason, amma mafi yawan wutar daga tashoshin iskar gas take, kuma akasarinsu a Kudu suke. Saboda haka Kano tana can ƙarshen igiya ne, wutarta sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta iso.

An ga ma'anar wannan ƙarara a watan Oktoba na 2024. Babban layin da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda shi ne babbar hanyar wutar Arewa maso Yamma, masu ɓarna sun lalata turakunsa, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga su gyara. Wutar da ake ba Arewa sai ta koma bi ta layin Ugwuaji zuwa Apir, wato daga Enugu zuwa kusa da Makurɗi, shi ma a ranar 21 ga watan ya sami matsala. Kano da jihohin Arewa da dama suka yi kusan kwana goma cikin duhu. A wannan shekara dai babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma. Amma ba waɗannan manyan aukuwa ne suka fi karya jama'a ba, don su ana jin labarinsu a rediyo har a yi ta ce-ce-ku-ce a majalisa. Abin da ya fi cin jiki shi ne ɗaukewar kullum, wadda babu mai sanarwa, babu kuma mai ba da haƙuri.

A cikin gida, abu na farko da ke tafiya tare da wuta shi ne ruwa. Matatun ruwa na Tamburawa da Challawa da injinan da ke tura ruwa cikin bututu da lantarki suke aiki, haka nan rijiyoyin burtsatse da suka cika unguwanni. Idan babu wuta mai rijiya sai ya tayar da janareta, ya ƙara wa 'yan garuwa kuɗin kura, su kuma su ƙara wa magidanci kuɗin jarka. Gidan da ko ƙwan fitila biyu ba shi da su, wanda ake ganin bai da ruwa da zancen lantarki, shi ma ta nan yake biyan nasa kason. Sai kuma zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan haura 40, ɗakunan haya na cikin lungu su zama kamar tanda, a fito da yara tsakar gida a haɗa su da sauro. Uwargida da ke da firji ba ta iya sayen nama ko kayan miya da yawa lokacin araha ta ajiye, dole ta koma sayen kullum, wanda kowa ya san ya fi tsada. Idan wutar ta zo kuma, wani lokaci ta zo da rauni ta kasa juya fanka, wani lokaci ta zo da ƙarfin da zai ƙone talabijin da firjin baki ɗaya, kuma ba kasafai ake jin an biya wani diyya ba.

A Kano ba a iya raba gida da sana'a, domin mata da yawa daga cikin ɗakunansu suke neman na kansu. Mai zoɓo da kunun aya da lamurje, mai ƙanƙara, mai injin markaɗe a soro, mai keken ɗinki na lantarki, duk jarinsu bai wuce firiza ɗaya ko inji ɗaya ba. Kunun aya ba ya kwana idan babu sanyi. Matar da ta zuba jarinta da safe bisa tsammanin wuta, idan ba ta zo ba, kafin la'asar ta yi asarar uwa da riba. Irin wannan asara ba ta shiga kundin kowace hukuma, amma daga cikinta ne ake rasa kuɗin makarantar allo da na adashi da na kayan ɗakin 'ya.

Mu dubi lissafin mai sana'ar da ya ce ba zai zauna jiran wuta ba, zai sayi janareta. Ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu na wuta daga lita ɗaya. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ana sayar da lita a ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A wancan farashi, yunit ɗaya daga ƙaramin janareta ya tashi a kan fiye da naira 500, ban da baƙin mai da kuɗin makanike da hayaƙin da ake shaƙa. Farashin wutar kamfani mafi tsada a wannan shekara kuwa bai wuce naira 225 ba. Wato mai aski ko tela da ke aiki da ƙaramin janareta yana sayen wuta a kan ninki biyu ko fiye na abin da babban attajiri mai layi mai kyau ke biya. Babbar masana'anta ma tana kuka da tsadar dizal, amma injinta ya fi tattalin mai, tana kuma da inda za ta ci bashi. Ƙaramin mai sana'a ba shi da ko ɗaya.

Zancen naira 225 ɗin nan yana buƙatar ƙarin bayani, don ya janyo ruɗani. Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta zuwa rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan rage shi, sauran rukunoni kuma aka bar su da tallafi. A takarda tsarin yana da ma'ana: wanda ya fi samu ya fi biya. A aikace kuwa, idan wutar da ta iso ba ta isa kowa ba, hankali zai ba mutum cewa kamfanin da ke neman kuɗin shiga zai fi karkata ta ga layin da ya fi biya. Unguwannin talakawa, inda mafi yawan ƙananan sana'o'i suke, su ne a rukunonin ƙasa. Sun sami araha a takardar bil, amma sun rasa awanni, awannin kuma su ne jarinsu.

Mu a namu ganin, rashin tabbas ya fi ƙarancin wutar illa. Da za a ce wa mai walda a Ƙofar Ruwa ko mai injin matsar gyaɗa a Dakata wutarsa awa shida ce kacal, amma daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana ba fashi, da ya tsara aikinsa, ya kira yaransa, ya yi wa masu kaya alkawarin da zai cika. Abin da ke faruwa shi ne awa shidan kan zo a warwatse, wani lokaci da tsakar dare. Shi ya sa za ka ji ƙarar injin walda ƙarfe biyun dare, ka ga telolin Fagge suna kwana a shago a goman ƙarshe na azumi, ba don yawan aiki kaɗai ba, har da farautar wuta. Mai gyaran waya a Farm Centre, mai ɗakin sanyi na kifi a Sabon Gari, mai buga takardu a bakin makaranta, kowa ya koma aiki da agogon da ba shi ke riƙe da shi ba. Wanda bai san lokacin da zai yi aiki ba kuwa ba ya ɗaukar sabon yaro, ba ya kuma ƙara inji. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa rashin ingantacciyar wuta na janyo wa Nijeriya asarar kimanin dala biliyan 26 a shekara, kuma mutane kusan miliyan 85 ba su haɗe da layin ƙasa sam. Wanda ya zagaya Sharaɗa da Bompai da Challawa ya ga masaƙun da aka rufe ba ya buƙatar a fassara masa wannan adadi, ko da yake kayan fasa-ƙwauri ma suna da nasu hannun a mutuwarsu.

To ina ruwan mutumin Rano ko Gaya ko Ɗambatta da duk wannan? Da farko, su wane ne yaran shagon? Mafi yawan 'yan garuwa da masu wanki da guga da yaran masu walda da masu tura ƙanƙara 'yan cin rani ne, da zarar an gama girbi suke shigowa birni, kuma abin da suka tara shi ne kuɗin taki da iri na damina mai zuwa. Ranar da shago bai yi aiki ba, su ne na farko da ake cewa su je sai gobe. Na biyu, kayan aikin gona da yawa a birni da manyan garuruwa ake ƙera su ko gyara su: garmar shanu, amalanke, ƙofar ƙarfe, injin ban-ruwa, injin sussuka. Duk kuɗin man da mai walda ya ƙona yana cikin farashin da manomi zai biya. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne abin da manomi ke sayarwa. Mai injin casar shinkafa ko matsar gyaɗa idan kuɗin dizal ya yi masa yawa, hanya biyu gare shi: ya ƙara wa mai saye, ko ya rage wa mai kawo amfanin gona. Tunda shinkafarsa na gogayya da ta wasu wurare a kasuwa, sau da yawa manomin Kura ko Garun Malam ne ke ɗaukar ragin. Haka mai nono da mai tumatir, waɗanda kayansu ba sa jira. Inda babu wurin sanyaya kaya, mai saye ne ke yanka farashi, don ya san mai kaya ba zai koma da su gida ba.

Wannan ya kawo mu ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da masu unguwanni. Gaskiya ne ba su da iko a kan iskar gas ko layin Shiroro. Amma wani kaso mai yawa na duhun unguwanni a bakin taransifoma yake farawa, nan kuwa hurumin da idonsu ke kai ne. Satar wayoyi da man taransifoma ba aljanu ke yi ba, kuma jan ƙarfen da aka sata akwai inda ake sayensa. Mai unguwar da ya san 'yan gwangwan na yankinsa, ya haɗa kai da 'yan sintiri da 'yan sanda, zai iya hana asarar da kan jefa unguwa cikin duhun wata uku. Haka nan masu jan wuta ta bayan fage da masu zagaye mita: su ne ke ƙara wa taransifoma lodi har ta ƙone, su ne kuma hujjar da kamfani ke kafawa idan ya rage wa layi awanni. Wannan ba zance ne mai daɗin faɗa a taron siyasa ba, amma unguwar da ba ta biya ba ta da bakin yin ƙorafi.

A ɗaya ɓangaren kuma, jama'a na da haƙƙoƙin da yawancinsu ba su sani ba, kuma aikin shugabanni ne su sanar da su. Hukumar NERC ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da falwaya da waya ko gyaransu alhakin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da ita ba. Duk da haka karo-karon gida-gida ya zama al'ada, har wasu 'yan siyasa kan sayi taransifoma su kai unguwa a yi biki, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya da kamfani ba, daga baya a rasa mai kula da ita. Tun 2020 hukumar ta sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi da za a iya caza wanda ba shi da mita, waɗanda kuwa ba su da mitar a ƙasar nan sun kusa rabin masu rajista. Akwai kuma matakan kai ƙara: a fara da sashen ƙorafi na kamfani a rubuce, idan ba a gamsu ba a wuce ofishin sauraron ƙararraki na hukumar da ke Kano. Takardar da ƙungiyar masu sana'a ta rubuta, da kwanan wata da adadin awannin da aka samu kowace rana, ta fi tare hanya da ƙona taya tasiri nesa ba kusa ba. Ƙaramar hukumar da ta sa ma'aikaci ɗaya yana tattara irin wannan bayani mazaɓa-mazaɓa ta sami abin da za ta ajiye a kan tebur ranar da ta zauna da kamfani.

Doka ma ta buɗe ƙofar da a da take rufe. Gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 da dokar lantarki da aka sa wa hannu a watan Yuni na wannan shekara sun ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, kuma a 2024 jihohin Enugu da Ondo da Ekiti suka zama na farko da aka miƙa wa ikon sa ido a kan kasuwar lantarkinsu. Jihar nan ba daga sifili za ta fara ba. Akwai aikin wutar ruwa na madatsar Tiga mai megawat 10, wanda aka tsara don matatar Tamburawa da fitilun titi. Akwai tashar sola mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso a watan Janairu na 2023. Jami'ar Bayero ta sami tata mai megawat 7.1 a 2019. An kuma sa wa shaguna a kasuwar Sabon Gari sola a ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da lantarki a karkara. Kowanne daga cikinsu ƙarami ne idan aka auna shi da buƙatar birni mai miliyoyin mutane, kuma bai kamata a yi wa jama'a romon baka cewa za su maye gurbin layin ƙasa ba. Amfaninsu shi ne suna kusa, ba sai wutarsu ta ratsa dajin Neja ba.

Inda muke ganin ana yawan kuskure shi ne wajen zaɓen abin da za a sa wa sola. Fitilun titi suna da kyau, suna kuma taimaka wa tsaro, amma su ne suka fi saurin ɗaukar ido a hoto, shi ya sa kasafin ƙananan hukumomi ke yawan ƙarewa a kansu, bayan shekara biyu batir ya mutu a bar sandar tsaye. Kuɗin da aka kashe a kan rijiyar burtsatse mai sola a unguwa mai cunkoso yana sauke farashin jarka nan take. Wanda aka kashe a kan firjin ajiye allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa a asibitin sha-ka-tafi yana aiki dare da rana. Wanda kuma aka kashe a kan rukunin shagunan teloli ko masu niƙa a kasuwar gari, inda masu sana'ar za su riƙa biyan kuɗin yunit ta mita, shi kaɗai ne a cikinsu zai iya tara kuɗin sauya batirinsa da kansa. Injin walda da babban injin casa suna jan wutar da ƙaramar sola ba ta ɗauka, don haka su dai sai layin kamfani, kuma abin da ya kamata shugabanni su nema musu a rubuce shi ne jadawalin awanni da za a manna a ofishin mai unguwa, wanda kowa zai iya dubawa ya gani ko an cika.